Hukuncin ɗan akuyar da ya sha nonon mace

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Tahoua nake, ina da ƴar garka da awaki kaɗan. Akuyata ta mutu daren da ta haihu, ta bar ɗa guda. Maiɗakina tana goyo, tausayi ya kama ta, ta tatsa nononta a kwalba ta ba shi kafin gari ya waye. Yanzu da nonon wata akuya muke rainonsa. Tsofaffin gidanmu sun ce ya zama ɗan'uwan yaronmu, ba a yanka shi, ba a ci. Mene ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, naman wannan ɗan akuya halal ne gare ka, da maiɗakinka, da yaron kansa idan ya girma. Haramcin shayarwa da Allah ya ambata a Suratun Nisa'i, aya ta 23, hukunci ne na aure tsakanin ƴan Adam, dabba ba ta cikinsa. Shi ya sa malamanmu na Malikiyya suka ce ko yara biyu sun tashi da nonon akuya ɗaya, ba su zama ƴan'uwan shayarwa ba, suna iya auren juna. Nonon mace kuma mai tsarki ne, bai bar wani abu a jikin dabbar da zai hana cinta ba. Ka faɗa wa iyaye wannan cikin ladabi, domin tsoron faɗawa haram ne ya sa su magana. Wanda ransa ya ƙi naman ba a tilasta masa, amma kada ya kira shi haram.

Abin da baiwar Allah ta yi, ina fata mata lada a kansa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa da aka tambayi Annabi (SAW) game da kyautata wa dabbobi, ya ce a cikin kowace hanta mai danshi, wato kowane mai rai, akwai lada. Sai dai nononta haƙƙin jaririnta ne, kada ta maimaita idan zai rage masa.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, shi ne ya fi damuna. Ciyar da wannan maraya wajibi ne a kanka, tunda ba ya iya kiwo. Shehu Halil a littafinsa na fiƙihun Malikiyya, Mukhtasar, ya wajabta wa mai dabba ciyar da ita, ya kuma ce ba a ɗibar nononta sai gwargwadon da ba zai cutar da ɗanta ba. To, akuyar da kuke tatsa, idan tana da nata ɗan, ku bar masa rabonsa. In kuna iya riƙe ta marayan ya tsotsa da bakinsa safe da yamma, ya fi kwalba.

In kwalbar ce dole, ku kyautata. Nonon ya zama mai ɗumi kamar yanzu aka tatso, hudar robar ƙarama, a ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa. A bar shi tsaye kan ƙafafunsa, kada a kwantar da shi rigingine a ɗura masa, don nono na iya bi ta huhu ya kashe shi. A wanke kwalbar da ruwan zafi bayan kowane sha, a zafin Tahoua saura ba ya jimawa sai ya lalace. Tunda bai samu dakashin uwarsa ba, jikinsa ba shi da kariya sosai, da kun ga zawo ku nemi likitan dabbobi ran nan. Idan ɗawainiyar ta fi ƙarfinka, ka sayar, ko ka ba mai akuyar da ke shayarwa, ko ka yanka. Barinsa yana kuka har yunwa ta kashe shi ne haramun.

Layya kuwa ta halatta da shi idan ya cika shekara ɗaya ya shiga ta biyu, kamar yadda Risala ta Ibn Abi Zaid ta faɗa a kan awaki, matuƙar ba shi da aibin da ke hana layya. Wallahu a'alam.