Zubin adashi rashin dogara ga Allah ne?

Tambaya: Fasto, ina zubin adashi duk wata saboda kuɗin makarantar yara. Wata a zumuntar mata ta ce min wai Yesu ya hana damuwa da gobe, don haka ajiya ƙarancin bangaskiya ce. Abin ya tsaya min a rai.

Amsa: Salama 'yar'uwa. Ki ci gaba da zubinki, ba ki yi laifin komai ba.

Ayar da take nufi Matiyu 6:34 ce, kuma abin da Yesu ya hana a wurin damuwa ce, irin wadda take hana mutum barci yana juye-juye a gado yana lissafin da ba ya ƙarewa. Tanadi daban, damuwa daban. Tsuntsayen da ya ba da misali da su ma ai ba zama suke a reshe baki buɗe ba, tun asuba suke fita neman tsaba. Ki duba Farawa 41, Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na hatsin Masar shekara 7 na ƙoshi saboda shekara 7 na yunwa, kuma Allah ne da kansa ya nuna masa abin da ke zuwa.

Amma 'yar'uwarki ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba, akwai inda ajiya ke zama gunki. Mai arzikin nan na Luka 12 gonarsa ta yi albarka, ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya, sai ya ce wa ransa ka huta ka ci ka sha, ka tara na shekaru. Ko sau ɗaya bai ambaci Allah ko maƙwabci ba, shi ya sa aka kira shi wawa, a daren kuma aka karɓi ransa. Mutane kan ce kuɗi ne tushen mugunta, alhali 1 Timoti 6:10 son kuɗi ta ce.

Ni abin da nake tambayar mata shi ne, watan da kika kwashe adashi kina iya cire baiko ko ki taimaki gwauruwar da ke layinku ba tare da ranki ya ɓaci ba? In kina iyawa, to ki kwantar da hankalinki. Sai dai ki tabbata uwar adashin mai amana ce, ku riƙa rubuta zubin kowa a littafi.