Yaya Ake Auna Natsuwar Ɗan Wasa?

Tambaya: Ina horar da matasa 'yan ƙwallon ƙafa a Zariya. Ina da yaran da a wurin atisaye ba a kama ƙafarsu, amma a wasa da zarar sun yi kuskure ɗaya sai su rikice, su yi ta zubar da ƙwallo. Shin ana iya auna natsuwa kamar yadda muke auna gudu?

Amsa: Koci, ana aunawa, amma awo ɗaya ba ya isa, kuma kowane yaro da kansa za ka gwada shi, wato makinsa na yau da na watan jiya.

Fara da takarda. Zana gidaje 100, goma a tsaye goma a kwance, ka warwatsa lambobi daga 00 zuwa 99 a ciki. Ba yaro minti ɗaya ya bi su a jere yana sokewa. Ya yi sau ɗaya yana huce, sannan ya sake bayan gudu mai tsanani, abokansa na yi masa ihu a kunne. Tazarar da ke tsakanin makin biyu ita ce abin dubawa. Ka riƙa sauya takardar, domin yara na haddace wurin lambobin, sai maki ya hau alhali natsuwa tana nan inda take.

Sai ƙidayar numfashi, wadda masu bincike a Jami'ar Wisconsin ta Amurka suka gwada a 2014. Yaro ya zauna minti 10 yana ƙirga numfashinsa daga 1 zuwa 9, ya ɗaga yatsa a na tara, ya koma farko. Wani na gefe yana kallon ƙirjinsa yana ƙirgawa, yana rubuta duk inda lissafi ya ɓace.

Akwai takardun tambayoyi kuma. MAAS, takardar auna natsuwa ta masu bincike Brown da Ryan, ta 2003, jimloli 15 ce, ana ba kowace maki 1 zuwa 6. Amma a yi hattara da ita. Da Turanci take, kuma yaron da ke neman shiga sahun farko zai rubuta abin da zai faranta maka rai. Har ma wanda ya fara horon natsuwa yakan rage wa kansa maki, saboda yanzu ne ya fara lura da yawon da hankalinsa ke yi.

Matsalar yaranka kuwa dawo da hankali ce bayan kuskure, kuma a filin wasa ake ganinta. Sa wani ya ɗauki wasan da waya. Duk inda yaro ya yi kuskure, ƙirga daƙiƙun da ya ɗauka kafin ya koma gurbinsa, ka duba taɓawa uku da suka biyo baya: nawa suka isa ga abokin wasa? Ka tara sakamakon wasa huɗu ko biyar kafin ka yanke hukunci.

A riƙa awon a lokaci guda na yini, domin rashin barci, zafin rana da azumi duk suna taɓa sakamako.