Tambaya da Amsa: Wane ne ke tsaye a bakin ƙofa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ina cikin damuwa. Watana uku da haihuwa, kuma tun lokacin wani abu ke faruwa da ni. Can wajen asuba, bayan na shayar da yaro na koma na kwanta, sai in farka in ga wani dogon mutum baƙi ƙirin tsaye a bakin ƙofar ɗaki. Ba shi da fuska, ba ya magana, amma na san ni yake kallo. In yunƙura zan tashi in kasa. In buɗe baki zan kira maigidana, da ke kwance kusa da ni, murya ta ƙi fita. Wani lokaci ƙirjina ya yi nauyi har numfashi ya gagara. Jim kaɗan sai ya ɓace, jikina ya sake. Surukata ta ce dannau ne, wata maƙwabciya ta ce aljani ne, ƙanena kuma ya nuna mini a intanet cewa Turawa ma suna ganinsa, har da mai sanye da malafa. Anti, ba mafarki ba ne, idona biyu, ina ganin labule da agogon bango. Ko dai taɓuwa nake shirin yi?

Daga Maijego

AMSA

Wa'alaikis salam 'yar'uwa. Barka da arziki, Allah ya raya. Ba taɓuwa ba ce, kuma na yarda idonki biyu. A cikin mutum ukun nan surukarki ce ta fi kusa da gaskiya.

Barci hawa-hawa ne. A 1953 wasu masana biyu a Jami'ar Shikago, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman, suka lura akwai lokacin da ƙwayar idon mai barci ke kai da kawowa da sauri a ƙarƙashin fata, kuma in aka tashe shi a daidai nan, yawanci sai ya ce mafarki yake yi. Wannan hawa na mafarki yana zagayowa kusan duk bayan minti 90, yana kuma ƙara tsawo idan asuba ta gabato. A cikinsa tushen ƙwaƙwalwa kan ɗaure tsokokin hannu da ƙafa da wuya, don kada mai mafarkin gudu ya zabura da gaske ya ci karo da bango. Ido da tsokar numfashi da ke ƙasan huhu su ake bari suna aiki. Dannau shi ne hankali ya riga jiki farkawa. Shi ya sa kike ganin labule da agogo amma yatsa ɗaya ya gagare ki. Nauyin ƙirjin ma daga nan yake: tsoro ya sa kina son jan dogon numfashi, tsokokin haƙarƙari kuwa ba a sake su ba tukuna, sai ki ji kamar an danne ki. Iska dai tana shiga tana fita yadda ta saba.

Kuma ba ke kaɗai ba ce. A 2011 Brian Sharpless da Jacques Barber suka tattara bincike 35 da ya shafi mutum sama da 36,000, suka samu kusan kashi 8 cikin 100 na jama'a sun taɓa shiga wannan hali, a tsakanin ɗalibai kuwa ya haura kashi 28. Ɗalibi da maijego abu ɗaya ya haɗa su, barci gutsi-gutsi.

To mutumin fa? Nan ne wurin da ya fi ba ni mamaki a duk wannan fanni. A hawan mafarki, sashen ƙwaƙwalwa mai lura da haɗari a kunne yake sosai. Kin farka cikin duhu, jiki ya ƙi motsi, sashen nan ya ce akwai wani a ɗakin. Sau da yawa jin cewa akwai mutum yana riga ganinsa zuwa. Daga nan ido ya shiga laluben mai laifi, ya tarar da duhun ƙofa ko rigar da aka rataye, ragowar mafarki ta cike sauran.

Akwai wani abu da ya faru a wani asibiti a Janiba ta ƙasar Suwizalan, wanda Olaf Blanke da abokan aikinsa suka wallafa a 2006. Wata budurwa mai shekara 22 ce, ana bincikenta saboda farfaɗiya, kuma ba ta taɓa samun larurar taɓin hankali ba. Likitoci sun sanya mata ƙananan wayoyi a saman ƙwaƙwalwa don gano inda ciwon ke tasowa. Da suka tura ɗan lantarki a wani wuri sama da kunnen hagu ta ɗan baya, sai ta ce akwai wani a bayanta, kamar inuwa, ba ya magana. Tana kwance, shi ma yana kwance. Aka ce ta zauna ta rungume gwiwoyinta, aka sake tura lantarkin, ta ce ga shi zaune ya rungume ta, kuma abin ba daɗi. Aka miƙa mata kati ta karanta, ta ce yana son ya ƙwace katin. Duk yadda ta yi da jikinta, haka baƙon ke yi. Wurin da aka taɓa ɗin aikinsa shi ne ya riƙa sanar da mutum inda jikinsa yake da yadda ya zauna. Da ya rikice, sai ta ɗauki surar jikinta a matsayin wani dabam. Masana da dama na ganin irin wannan rikicewa na da hannu a dannau, lokacin da ƙwaƙwalwa ke ba da umarnin motsi amma jiki bai amsa ba. Ke nan mai yiwuwa dogon baƙin nan, wani ɓangarensa ke ce.

Labarinsa kuwa ya tsufa. Tun a ƙarni na 10 wani likitan Bukhara, Akhawaini, ya rubuta a kan wannan larura, ya danganta ta da tururin da ke tasowa daga ciki zuwa kai. A 1664 wani likita a Holan, Isbrand van Diemerbroeck, ya ba da labarin wata mata mai shekara 50 da ke cewa in ta kwanta rigingine Shaiɗan ne ke hawanta, wani lokaci ƙaton kare, wani lokaci ɓarawo. A Barazil tsohuwa ce mai zaƙo-zaƙon farata da ke laɓewa a kan rufin ɗaki, ta sauko ta tattake ƙirjin wanda ya cika ciki ya kwanta rigingine. A Sin fatalwa ce ke danne gado. A tsibirin Niyufanlan na Kanada ma tsohuwa ce, kuma a can wani masanin al'adu, David Hufford, ya fara bibiyar abin a shekarun 1970. Abin da ya gano daga baya shi ne mutanen da ba su taɓa jin tatsuniyar tsohuwar ba, su ma suna ba da labari iri ɗaya: farkawa, kasa motsi, wani a ɗaki, nauyi a ƙirji. Wato ba tatsuniya ce ta haifi abin ba, abin ne ya haifi tatsuniyoyin. Mai malafar da ƙaninki ya nuna miki sabon shiga ne. Maganar mutanen inuwa ta bazu a Amurka ne bayan wani shirin rediyo na dare da Art Bell ya gabatar a 2001, intanet kuma ta ɗora daga nan. Wanda ya kwana yana kallon zanen mai malafa a waya, kada ya yi mamaki in baƙonsa ya zo da malafa.

Fassarar da mutum ya ba abin tana da tasiri a kansa. Baland Jalal da Devon Hinton sun kwatanta Masar da Denmak a 2013. A Masar da yawa sun danganta dannau da aljani, a Denmak akasari sun ɗauke shi rikicin barci kawai. Misrawan da abin ke samu sun fi shan shi akai-akai, sun fi firgita, kuma sun ce ya fi daɗewa a kansu. Dalilin a fili yake: tsoro ya hana barci, rashin barci ya kira dannau, dannau ya ƙara tsoro.

Samuwar aljanu tana cikin Alƙur'ani, kuma wannan fagen malamai ne. Abin da nake ja da shi shi ne a tarar da mace ta yi wata uku ba ta haɗa barcin awa huɗu a jere ba, maimakon a karɓar mata yaro ta runtsa, sai a ƙara mata da labarin da zai hana ta rufe ido gaba ɗaya. Maƙwabciyarki ba ta taimake ki ba, ko da niyyarta mai kyau ce.

Ga abin yi. Ki rama barci da rana in yaro ya yi barci, maigida ko wata a gidan su riƙa karɓarki ko da na awa biyu ne. Ki kwanta a gefe, don dannau ya fi kama mai kwance rigingine. Ki sauke duk abin da ke rataye a ƙofa, ki bar ɗan haske. In ya zo, kada ki yi kokawa da shi. Ki tuna ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi zuwa 'yan mintuna, ki karanta addu'arki a zuci, ki mai da hankali ga motsa ɗan yatsan ƙafa. Ki gaya wa maigida in ya ji kina nishi ya taɓa ki, taɓawa takan warware shi nan take.

Amma in kika fara gani ko jin muryoyi da rana tsaka kina zaune, ko tunaninki ya riƙa ruɗewa, ko baƙin ciki ya ƙi barinki, ko zuciyarki ta raya miki cutar da kanki ko yaron, wannan ba dannau ba ne. A tafi asibiti a ranar, akwai magani.

TAMBAYA

Hajiya, ni direban babbar mota ne, tafiyar dare na fi yi. Sau da yawa wajen ƙarfe uku nakan ga kamar mutum ya gilma ta gefen titi, in taka birki in duba ba kowa. Ni ba a kwance nake ba, balle a ce dannau. Abokan aikina sun ce hanya ce ke da mutanenta.

Daga wani direba

AMSA

Malam, naka ya fi na maijego tayar mini da hankali, domin ita a kan gado take. Gefen ido ba ya gani kamar tsakiyarsa. Ƙwayoyin da suka fi yawa a gefen an yi su ne don ƙarancin haske da kama motsi, ba sa bambance launi, ba sa fitar da fuska. Shi ya sa duk abin da aka hango da wutsiyar ido cikin dare baƙi ne ko toka-toka, kuma da ka waiwaya ka dube shi sosai sai ya zama kututture ko allon hanya. Ƙwaƙwalwa kuma ta gwammace ta ɗauki kututture a matsayin mutum sau ɗari da ta ɗauki mutum a matsayin kututture sau ɗaya.

Gajiya tana ninka wannan. A 1964 wani ɗalibi ɗan shekara 17 a Amurka, Randy Gardner, ya yi kwana 11 bai yi barci ba, masana na lura da shi. Cikin 'yan kwanakin farko ya ɗauki allon titi a matsayin mutum. Direbobin manyan motoci a Amurka su ma suna da nasu, baƙin kare suke cewa suna gani ya tsallaka titi in sun daɗe a kan sitiyari. Hanyoyi dabam, sa'a ɗaya, gajiya ɗaya.

Idan mutumin nan ya gilma, barci ne ya fara shigarka idonka a buɗe. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 100 cikin daƙiƙa 4, kuma gyangyaɗi ɗaya ya isa haka. Ka nemi wuri mai aminci ka faka, ka runtsa ko na minti 20 ne. Ƙwayoyin hana barci ba sa biyan bashin barci, kuma masu shansu suna cikin waɗanda suka fi kowa ganin inuwoyin nan.

TAMBAYA

Anti, mahaifinmu ya haura 70. Kwanan nan yakan ce wani ya wuce ta bayansa, ko ya tambaya wane ne ke zaune a kusurwar ɗaki, alhali ba kowa. Ba ya jin tsoro, mu ne muke ji. Hannunsa ma ya fara rawa.

Daga 'yarsa

AMSA

'Yar'uwa, ku kai Baba wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kada ku jira. Jin wani ya gilma ta gefe ko yana tsaye a baya sananniyar alama ce a cutar Parkinson, ciwon ƙwaƙwalwa mai jawo rawar jiki, da wani nau'in ciwon mantuwa da ke da alaƙa da ita, ga kuma rawar hannu da kika ambata. Ku tafi da duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har da na mura da na ƙaiƙayi da na barci, domin wasunsu kan jawo wa tsofaffi gane-gane. A duba masa ido kuma. Tun 1760 wani masani a Janiba, Charles Bonnet, ya rubuta yadda kakansa, wanda yanar ido ta kusa makantar da shi, ke ganin mutane da tsuntsaye da gine-gine alhali hankalinsa garau. Kada ku yi musu da Baba, kada kuma ku yi masa dariya, in ba haka ba zai daina faɗa muku.

Tambaya ɗaya zan ƙara: shi kaɗai ke gani, ko akwai wani a gidan? A 1921 wani likitan ido a Amurka, William Wilmer, ya wallafa labarin wani iyali da suka tare a wani tsohon gida, suka riƙa jin takun sawu, suna ganin mutane a ƙarshen gado, ga ciwon kai da kasala, har shuke-shuken cikin gidan suka mutu. Da aka bincika, murhun ɗumama gidan ne ya lalace yana tura musu iskar kabon monoksaid. Iskar nan ba ta da wari ba ta da launi, kuma janareta da gawayi suna fitar da ita. In mutum biyu ko uku a gida ɗaya suka fara gane-gane tare da ciwon kai da jiri, kuma suna jin sauƙi in sun fita waje, a buɗe tagogi, a kashe abin da ke ci, kowa ya fita, a wuce asibiti.