Tambayoyinku: Yadda za a fitar da darasin makamashi da muhalli daga allo zuwa filin makaranta

Wasiƙun wannan watan kusan duk daga malaman makaranta suka zo. Mun zaɓi huɗu, mun taƙaita su, masu aikin sola da na gandun daji suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare. Darasin makamashi mai sabuntawa a allo yake ƙarewa: yara su haddace rana, iska, ruwa, su zuba a jarrabawa. Ƙungiyar iyaye da malamai ta ce za ta saya mana 'yan kaya. Me zan ce a sayo, kuma me za mu yi da su? — Wani malami daga Gumel

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yarda a ja ka zuwa ga inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, da babban batir. Kuɗin zai ƙare a nan, a kulle kayan a ofishin shugaban makaranta, yaro ko taɓawa ba zai yi ba. Ka nemi ƙaramin farantin sola mai wat 10, batir mai bolt 12 irin wanda aka rubuta 7Ah a jikinsa, ƙaramar kwanturola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, ƙwan fitila biyu na LED masu wat 3 da ke aiki da bolt 12, fis mai amfiya 5, waya ja da baƙa, sai mitar awon wuta irin ta masu gyaran rediyo. In kuɗi ya ragu, mita ta biyu ta fi komai amfani.

Kafin a haɗa komai, a fita da farantin shi kaɗai a auna shi. A rana tsaka zai nuna kusan bolt 21, ko da yake ana kiransa na 12. Sannan a mayar da jan igiyar mita ramin da aka rubuta 10A, a ɗora kan wayoyin farantin kai tsaye, za a ga kusan rabin amfiya ko sama kaɗan. Wannan awo na biyu shi ne zuciyar darasin, kuma shi malamai da yawa ke tsallakewa. Bolt, wato ƙarfin tura wuta, ba ya motsi sosai ko gajimare ya rufe rana. Amfiya, wato yawan wutar da ke gudana, ita ce ke hawa da sauka daidai da hasken da ya faɗo.

Da ita za a yi gwaji uku. A yanko kwali a rufe gida ɗaya tak daga cikin ƙananan gidajen farantin, waɗanda yawanci 36 ne. Wutar za ta faɗi ƙasa warwas, yara su yi mamaki. Dalili kuwa gidajen a jere suke, wuta sai ta bi ta kowanne, kamar masu miƙa bokitin ruwa hannu da hannu: ɗaya ya tsaya, layi ya tsaya. Daga nan kowa zai gane abin da kashin tsuntsu ko reshen darbejiya ke yi wa solar gidansu. Na biyu, a bar farantin a waje mako guda lokacin hunturu, a auna, a goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma, a sake aunawa. Na uku shi ne na zafi, kuma a nan bolt ake dubawa: a auna da zarar an fito da farantin daga inuwa, a sake bayan minti 20. Zai sauka da bolt ɗaya ko biyu. Ƙarfin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a zafin digiri 25, kuma kowane digiri da ya ƙaru yana cin kusan kashi 0.4 cikin 100. Haske farantin yake so, ba zafi ba, abin da manya ma da yawa ba su sani ba.

Wajen kafawa, farantin ya fuskanci kudu, a karkace kamar digiri 12 zuwa 15, don ƙura da ruwa su riƙa gangarewa. A fara haɗa batir da kwanturola, fis yana kusa da jan kan batir, sai faranti, sai fitila. Lissafin kuma yara su yi da kansu: wat 10 sau kamar awa 5 na cikakkiyar rana ya ba da 50, a cire asarar zafi da waya da batir, saura wajen 35. Ƙwai biyu suna jan wat 6 tare, wato kusan awa shida ke nan. Batirin yana ɗaukar 84, wato bolt 12 sau 7Ah, amma rabi kawai ake sha. Wanda ake tatsewa ƙarƙaf kullum ba ya daɗewa.

Hatsari biyu. Wanda ya manta igiyar mita a ramin 10A ya ɗora kan batir, zai ƙone fis ɗin mitar ko wayar ta narke a hannunsa. Awon amfiya kai tsaye na ƙaramin faranti ne kawai. Sannan idan batirin ya mutu, kada a fasa shi don a nuna wa yara cikinsa. Dalma ce da asid. Gubar dalma, wadda ta fito daga duwatsun zinare, ita ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. A mayar wa mai sayarwa yadda yake.

Tambaya: Ni da ɗalibaina mun cika jarka da kashin shanu don mu samu iskar girki. Balan-balan da muka ɗaura ta kumbura, amma iskar ta ƙi kama wuta. Ina muka kuskure? — Wata malama daga Funtua

Amsa: Malama, wataƙila ba ku kuskure ba, gaggawa kuka yi. Iskar farko yawancinta iskar da ke cikin jarkar ce tun asali, haɗe da kabon dayoksaid, ba ta ci. Ƙwayoyin halittar da ke samar da mitan, wato ɓangaren da ke kama wuta, a hankali suke yawaita, sai bayan mako biyu zuwa huɗu. Ki saki cikar farko da ta biyu a fili, nesa da wuta. Wannan ba ɓarna ba ce, kariya ce, domin mitan da ta gauraya da iskar waje tana iya fashewa.

Idan an wuce wata guda shiru, ki duba waɗannan. Kashin ya zama ɗanye, na ranar, ba busasshe ba. A jarka mai lita 20, kilo 7 na kashi da lita 7 na ruwa sun isa, a dama kamar kunu, a tsince tsakuwa da kara, a bar sarari a sama. Ruwan kada ya zama na wanki, sabulu da omo suna kashe ƙwayoyin, haka ma kashin saniyar da ake yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta. Wasu kan ƙara ragowar abinci ko ɓawon lemo da nufin a samu da yawa, sai cikin ya yi tsami, aiki ya tsaya. Sanyi ma yana rage shi: ƙwayoyin sun fi son zafin digiri 30 zuwa 37, don haka daga Disamba zuwa Janairu a shafa wa jarkar baƙin fenti, a ajiye ta a rana, da dare a lulluɓe da buhu. Yoyo kuwa da ruwan kumfa ake gane shi, a shafa a bakin murfi da mahaɗar tiyo daga waje, inda ya yi ƙwai nan iska ke fita.

Ki bar balan-balan, ki nemi tiyub na tayar mota. Kada a kai ashana bakin jarka ko bakin tiyub. A ja doguwar tiyo, ta bi ta cikin kwalbar ruwa don wuta ba za ta koma baya ba, ta ƙare a ƙarfen bututu, ke da kanki ki kunna, a waje. Harshen shuɗi ne, da rana da ƙyar ake ganinsa, sai a kare shi da inuwa. Kuma ki faɗa wa yara gaskiya tun farko: kilo ɗaya na kashi kimanin lita 30 zuwa 40 na iska yake bayarwa, don haka jarkar nan shayi za ta dafa, ba tuwo ba. Abin da ya rage a ciki taki ne mai kyau ga lambun makaranta.

Tambaya: Mun yi akwatin girki da hasken rana da kwali, shinkafa ta yini ba ta nuna ba. — Wani malami daga Maraɗi

Amsa: Zafi ne ke zurarewa, Malam. Kwali biyu ake sa wa, ƙarami cikin babba, tazarar santimita 5 a cusa ta da ɓuntun shinkafa ko murtsukakkiyar jarida, har ƙasa. A liƙa takardar alminiyam mai sheƙi a bangon ciki da marfin da ke karkato haske, a shimfiɗa baƙin kwano a gindi. Gilashin da ke rufe bakin akwatin ya zauna daram, ba kafa. Tukunya ta zama marar kauri, baƙa daga waje, da murfinta. A ɗora da ƙarfe 10, a riƙa juya akwatin yana bin rana duk bayan rabin awa, a rage ruwa tunda ba ya ƙonewa, kuma a hana yara buɗewa don leƙe. Kofi biyu na shinkafa kan ɗauki awa biyu zuwa uku. Ranar da hazo ya sauka a haƙura.

Ka gaya wa ɗalibanka cewa wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasarku. Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi shekaru yana jagorantar ofishin binciken makamashin rana na Nijar. A Najeriya kuma akwai cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.

Tambaya: Duk shekara muna bikin dashen itatuwa ranar 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya. Kafin shekara ta zagayo babu ko ɗaya. Yara sun fara yi wa abin dariya. — Shugabar wata firamare daga Nguru

Amsa: Hajiya, yaran suna da gaskiya. Ranar 5 ga Yuni ta yi wuri a wajenku, damina ba ta zauna ba. Ki yi jawabi a ranar, a haƙa ramuka, amma dashe sai Yuli, bayan ƙasa ta sha ruwa sosai. Kuma ki rage yawa. Ashirin da za a kula da su sun fi ɗari biyun da za a ɗauki hoto da su.

Ramin ya kai rabin mita a faɗi da zurfi, a gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki bokiti guda, ɗanyen taki yana ƙona saiwa. A yanke ledar a cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta warwatse ba. Yawancin dashen biki da ledarsu ake binne su, saiwa ta naɗe a ciki. A dasa da yamma, a danne ƙasa, a yi gurbi kewaye don ruwa ya tsaya.

Sai manyan abokan gaba biyu: akuya da rani. Dogon hutu na zuwa daidai bayan dashe, don haka kowane dashe ya samu shingensa na ƙaya ko bulo a ranar da aka sa shi, ba gobe ba. Daga Oktoba har faɗuwar ruwa sai an shayar. A binne ƙaramin tulu marar fenti kusa da gindi, bakinsa a waje da murfi, a cika sau biyu a mako, ruwan zai riƙa tsatsafowa wajen saiwa. Ruwan alwala ma yana yi. A raba itatuwan ga ɗalibai uku-uku, 'yan aji huɗu ko ƙasa, ba masu shirin fita ba, su riƙa auna tsawo duk wata suna rubutawa.

Darbejiya, bagaruwa, aduwa, magarya da zogale sun fi mangwaro jure wa ƙasarku. In za ku reni darbejiya da kanku, a shuka irin cikin 'yan makonni da tsinkowa, ba ya ajiyuwa.

Kafin ki sayi ko ɗaya ma, ki zagaya filin makarantar da yara ku nemi kututturan da ke tohowa. Manoman Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da itatuwa masu ɗimbin yawa a gonakinsu tun daga shekarun 1980 ta hanyar da suke kira sassabin zamani: a zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi a kututture, a sare sauran da wuƙa mai kaifi, ana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Saiwar tana nan da zurfinta, ba ta buƙatar tulu. Idan kuka dace da gawo, ku sa masa alama da jan ƙyalle, yara su riƙa lura da shi: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, kuma geron da aka shuka a ƙarƙashinsa ya kan fi na gefe kyau.