Tambaya da Amsa: Me ake yabo a fim ɗin All About Eve?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun wasan kwaikwayo a Zariya. An ba mu aikin kallon wani tsohon fim na Amurka mai suna All About Eve. Na daure na kai ƙarshensa, amma gaskiya ban ga abin da ake ta zuzutawa ba. Baƙi-da-fari ne, babu faɗa babu gudu, mutane ne a ɗaki suna ta surutu da zuƙar taba fiye da awa biyu. Sannan ita Eve da aka mayar muguwa, ni ban ga wani babban laifinta ba. Yarinya ce mai neman na kanta. Me ya wuce ni ban gani ba?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Kin yi daidai da kika faɗi abin da ke ranki, domin da yawa suna yabon fim ɗin nan ne don sun ji manya suna yabo. Sai dai ban yarda da ke ba a kan cewa babu faɗa. Faɗa ake yi tun daga minti na farko har na 138, da harshe ake yin sa, kuma mutanen da ke yin sa sana'arsu ke nan: 'yan wasa, marubuci, darakta, da ɗan jarida mai sharhi. Kowannensu da magana yake cin abinci, da ita kuma yake yanka.

Fim ɗin ya fito a 1950 daga kamfanin 20th Century Fox. Darryl F. Zanuck ne furodusa, Joseph L. Mankiewicz kuma shi ya rubuta ya ba da umarni. Tushensa wani gajeren labari ne na Mary Orr, The Wisdom of Eve, wanda mujallar Cosmopolitan ta buga a 1946. Ita kuma Orr daga bakin fitacciyar 'yar wasa Elisabeth Bergner ta samo shi. Bergner ta ji tausayin wata yarinya da ke yawan tsayuwa a ƙofar gidan wasa, ta jawo ta jiki ta ba ta aiki, daga baya ta gane yarinyar gurbinta take hari.

Abin da za ki fara lura da shi, Mankiewicz bai ɓoye ƙarshen labari ba. A wajen bikin ba da kyauta aka buɗe fim, ga Eve Harrington ta miƙa hannu za ta karɓi kambun gwarzuwar shekara, sai hoto ya tsaya cak. An riga an gaya miki ta ci. Saura ki ji yadda aka yi, kuma fuskokin mutanen da ke zaune a teburi, waɗanda suka ƙi tafa mata, sun isa su shaida miki cewa akwai magana. Wanda ya zauna yana jiran ya ga ko za ta yi nasara dole ya gaji, don ba wannan aka gayyace shi kallo ba.

Ki koma fitowar ɗakin kwalliya, inda Karen Richards, matar marubucin wasan, ta shigo da Eve wurin tauraruwa Margo Channing. Yarinya ce sanye da tsohuwar rigar ruwa, murya ƙasa-ƙasa, wai babu daren da ba ta zo kallon Margo ba. Aka ce ta ba da labarinta. Ta ce a Wisconsin ta tashi cikin talauci, ta yi aikin sakatariya a kamfanin giya, ta auri wani Eddie, yaƙi ya cinye shi, sannan ta ga Margo a dandamali a San Faransisko, tun ranar take bin ta. Ɗaki ya yi tsit, Margo har da share hawaye. Ki dubi su wane ne ke saurare: mutanen da suka ƙare rayuwarsu suna ƙera kuka da dariya don 'yan kallo, ga shi an yi musu irin nasu sun hau. Mutum ɗaya ce ba ta ruɗu ba, Birdie, mai yi wa Margo hidima, wadda tsohuwar 'yar wasan barkwanci ce da ta sha yawon gari-gari. Ita ce ta yi gatse cewa labari ya haɗa komai, karnukan farauta kawai suka rage a biyo ta da su. Aka yi mata ca, ta ba da haƙuri. Daga baya ita ce ta gaya wa Margo cewa yarinyar nan nazarinta take yi kamar littafi: tafiyarta, maganarta, cin abincinta.

Akwai wata dabara a nan da ta dace da aikinki na makaranta. Duk tsawon fim ɗin ba a nuna mana Eve tana wasa a gaban 'yan kallo ba. Gwajin da ta yi, a bakin mai sharhi Addison DeWitt muka ji shi. Daren da ta maye gurbin Margo, bayan an sauke labule muka same ta. Wasanta na gaske shi ne wanda take yi a ɗakin kwalliya, a matakalar bene, a banɗakin mata na gidan abinci. Har sunan da Mankiewicz ya fara raɗa wa rubutun ma Best Performance ne, kafin a canza.

To, batun laifin Eve. Kina da gaskiya ta wani ɓangare, kuma fim ɗin da kansa ya ba ki ita. Eve tana da baiwa, duk wanda ya ga gwajinta ya shaida. Ƙofofin da ke buɗe wa yarinya marar kowa a Broadway, cibiyar wasan dandamali ta birnin Niyok, a wancan zamani kuwa ba su da yawa. Karen ta hanyar aure ta shigo. Miss Casswell, ƙaramin matsayin da Marilyn Monroe ta fito a ciki tun kafin ta yi suna, Addison tura ta ya yi ta je ta yi wa furodusa fari da ido. Ita kanta Margo tun tana shekara 4 take kan dandamali, kuma ba da sanyin hali ta kai inda ta kai ba. Buri dai kowa na da shi a gidan nan.

Amma ki lissafa abin da Eve ta yi da nata. Ta ƙirƙiri mijin da ya mutu a yaƙi, a lokacin da ƙasar ke cike da zawarawan gaske, shekara 5 kacal bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ta gayyato 'yan jarida tun da rana su zo kallon wasan da a ƙa'ida bai kamata ta san za ta yi shi ba. A daren ta nemi jan hankalin Bill Sampson, darakta kuma masoyin Margo, ya ƙi. Ta ritsa Karen ta ce ko a ba ta matsayin Cora a sabon wasan mijinta, ko ta tona asirin da zai raba ta da Margo. Daga nan ta juya kan mijin Karen ɗin kansa. Duk waɗanda ta cuta, su ne suka ɗauko ta daga bakin titi.

Inda fim ɗin ya fi burge ni, bai bar sauran sun wanke hannu ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Margo ta ɗauki Eve ne don tana jin daɗin a bauta mata. Lloyd, marubucin, ya gaji da rubuta 'yan mata 'yan shekara ashirin yana miƙa wa mai arba'in. Karen kuwa, wadda kowa ke ɗauka mai hankalin gidan, ita ce ta sa baki aka mai da Eve mai jiran gurbin Margo, ita ce kuma ta zuƙe man mota a hanyar dawowa daga hutun ƙarshen mako don Margo ta rasa jirgin ƙasa ta kasa zuwa wasa, wai ta koya mata hankali. Eve ba ta fasa ƙofa ko ɗaya ba. Kowace ƙofa akwai wanda ya buɗe mata don wata buƙata tasa, ita dai ta iya karanta buƙatar mutum ne tun kafin shi ya gane ta.

Duk da sunan Eve ne a kan fim, nauyinsa a wuyan Margo yake. Kishinta da rigimarta tsoron shekaru ne. A daren liyafar zagayowar haihuwar Bill, inda ta faɗi maganar nan da ta shahara, cewa kowa ya ɗaure bel don daren akwai gargada, can cikin maye ta faɗa wa Lloyd gaskiya: wata uku ke nan da ta cika 40. Bill kuma 32 gare shi, haka yake tun shekara biyar baya, haka zai kasance nan da shekara ashirin. Ba sai mun je Niyok ba kafin mu fahimci wannan. A finafinanmu ma jaruma na ɗan kwana biyu sai a fara ba ta matsayin uwa, alhali jarumin da suka fara tare yana nan yana fitowa saurayi.

Abin da ya ƙara wa matsayin ƙarfi, Bette Davis da ta fito a Margo, ita da kanta a irin wannan hali take. Shekararta 42, ta bar kamfanin Warner Bros a 1949 bayan finafinanta sun daina kasuwa, ana ta cewa tata ta ƙare. Ba ma ita aka fara ɗauka ba. Claudette Colbert ce, sai ta ji ciwo a baya wajen ɗaukar wani fim, aka nemo Davis a gurguje. Gary Merrill da ya fito a Bill kuwa, wanda ta girme shi a zahiri, aure suka yi a shekarar da fim ɗin ya fito. In kika ga Margo ta goge kwalliya tana kallon fuskarta a madubi, ki tuna mai yin wasan ta san abin da take kallo.

Sai Addison, wanda George Sanders ya fito a matsayinsa. Mugu shi ya san makwantar mugu. Tun da wuri ya kama ta da tambaya guda: wane gidan wasa ne ta ga Margo a San Faransisko? Ya ce ko Shubert ne, ta ce shi ne. Babu gidan wasa mai wannan suna a garin. Bai ce komai ba, ya adana. Sai a ɗakin otal a garin New Haven, ana gab da buɗe sabon wasa, ya zazzage mata komai: sunanta na gaskiya Gertrude, babu wani Eddie, kuma dala 500 aka ba ta ta bar garinsu saboda alaƙarta da maigidan da take wa aiki. Bai tona ta don adalci ba. Ya gaya mata ne cewa daga yau ta zama tasa. Wannan fitowa tana da nauyin kallo, har mari a ciki, kuma a nan ne ni kaina nake jin tausayin Eve. Daga ƙarshe ta koma masauki da kyautarta ta tarar da wata ɗalibar sakandare, Phoebe, ta saci jiki ta shigo, da ladabi irin nata na da.

Kada ki ɗauka fim ɗin ba shi da rauni. A cikin motar da mai ya ƙare, Margo ta yi doguwar magana mai ratsa jiki, amma inda ta dire shi ne mace ba ta cika mace ba sai da miji a gefe, kuma maganin da labarin ya ba ta ke nan: ta auri Bill, ta haƙura da Cora. Masu sharhi sun daɗe suna sukar wannan, kuma ina ganin suna da hujja, ko da yake Davis ta yi fitowar da gaskiyar da ta sa ba ka jin wa'azi ake maka. Birdie kuma ɓacewa ta yi bayan liyafa ba tare da wani bayani ba, asara ce babba. Sannan ladabin Anne Baxter, wadda ta fito a Eve, a rabin farko ya yi yawa, har mai kallo na yau zai yi mamakin yadda aka yi wayayyun mutane suka kasa gano ta.

In za ki sake kallo, ki kunna rubutun ƙasa, domin Turancin yana da sauri kuma cike yake da habaici. Ki riƙa kallon fuskar mai saurare fiye da ta mai magana, musamman Thelma Ritter a Birdie da Celeste Holm a Karen. Dariyar da ta kufce wa Karen a teburin cin abinci, lokacin da Margo ta ce ita ba ta ma son matsayin Cora, ta ishe ki rubuta shafi guda.

A gasar Oscar an tsayar da fim ɗin takara sau 14, adadin da ba a kamo ba sai da Titanic na 1997 ya zo, ya kuma ci 6, ciki har da fim mafi kyau, darakta, rubutu, da ta Sanders. Mata huɗu aka tsayar daga cikinsa, babu wadda ta ci. Davis da Baxter a rukuni ɗaya suka kara, ga kuma Gloria Swanson ta Sunset Boulevard, sai Judy Holliday ta ɗauke kyautar, kuma har yau ana cewa raba ƙuri'a tsakaninta da Baxter ne ya kayar da Davis. Ta dai samu ta bikin Cannes a Faransa a 1951. Kyautar Sarah Siddons da aka ba Eve a fim, Mankiewicz ne ya ƙirƙire ta, amma a 1952 wasu masoya wasan dandamali a Shikago suka kafa ƙungiya suka fara ba da ita da gaske. A 1970 an mayar da labarin wasan waƙa a Broadway mai suna Applause, Lauren Bacall ta fito a Margo, da ta sauka kuma Anne Baxter aka ɗauko ta karɓi matsayin. A 1983 ma, da rashin lafiya ta hana Davis ci gaba da shirin talabijin na Hotel, Baxter ɗin ce aka kira ta maye gurbinta, sai dai su biyun ba su da wata gaba a zahiri, zumunci ne tsakaninsu har Baxter ta rasu a 1985.