Sayen Sabuwar Mota: Ta Yaya Zan Gane Dilan Da Zai Kula Da Ni Bayan Na Biya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina tara kuɗi domin sayen sabuwar mota dal, kuma wannan ne karo na farko da zan saya a hannun dila. Na ziyarci wurare biyu. A na farko an karɓe ni hannu bibbiyu, amma ma'aikacin da ya tarye ni ya ƙi faɗa mini jimillar kuɗin motar, sai tambayata yake yi nawa zan iya biya duk wata, kuma ya ce idan ban ajiye kafin alƙalami a ranar ba, wani zai riga ni. A na biyu sai da na yi kusan rabin sa'a kafin wani ya kula ni, amma sun rubuta mini komai a takarda na tafi da ita. Wace irin kulawa ce ya kamata mai saye ya samu, kuma ta yaya zan gane wanda ba zai juya mini baya ba bayan na biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Idan tsakanin waɗannan biyun kaɗai zaɓin yake, wuri na biyu ya fi kwanta mini a rai, duk da cewa barin mai saye yana tsaye rabin sa'a ba tare da ko sannu ba aibi ne, kuma ka cancanci ka gaya wa manajansu hakan. Dalilina shi ne, fara'ar da ake yi maka a ɗakin baje kolin motoci ba ta cin kuɗin kowa, ta kwana ɗaya ce, alhali kuwa hulɗarka da dila za ta kai shekara uku zuwa biyar, ko fiye, gwargwadon tsawon garantin motar. Abin da ake auna dila da shi shi ne abin da ya yarda ya rubuta ya sa hannu a kai, da yadda yake bi da mutanen da suka riga suka biya.

Yana da kyau ka san yadda dila yake cin abinci, domin hakan zai bayyana maka halin ma'aikacin farko. A yawancin kasuwanni ribar da ke jikin sabuwar mota ita kanta ba ta da yawa. Abin da ya fi kawo wa dila kuɗi shi ne bashin da ya haɗa ka da shi, da inshora, da ƙananan kayan ƙari, da kuma gyara da sabis na shekarun da ke gaba. Motocin da ke jere a filinsa kuma galibi da bashin banki ya ɗauko su, yana biyan kuɗin ruwa a kan kowace kwana da ta yi ba a sayar ba, sannan kamfanin da ya ƙera su yakan ɗora masa adadin da zai sayar a wata ko a wata uku, da tukuici idan ya cika. Shi ma ma'aikacin da ya tarye ka, kaso mai yawa na albashinsa la'ada ce. Ba ina cewa mutanen banza ne ba. Na yi aiki tare da masu sayarwa da yawa waɗanda ke da amana matuƙa. Amma gaggawar da yake nuna maka tasa ce, kuma babu dalilin da zai sa ka ɗauke ta ka ɗora wa kanka.

Tambayar nawa za ka iya biya duk wata ita ce wurin da aka fi kayar da masu saye. Da zarar ka ambaci wani adadi, sai a tsara komai ya dace da shi: a tsawaita bashin daga shekara huɗu zuwa shida, a cusa ƙarin garanti da maganin kare fenti da inshorar da ba ka nema ba, kuma duk da haka abin da za ka riƙa biya a wata bai wuce yadda ka faɗa ba, sai ka fita kana murna alhali jimillar ta haura sosai. Ka raba cinikin gida-gida. Ku fara gama maganar kuɗin motar ita kaɗai, tare da haraji da rajista da duk wani caji, har ka ga lamba ɗaya a ƙasan takarda, wadda idan ka biya ta za ka ɗauki mabuɗi ka tafi. Bayan wannan ne za a yi maganar bashi, idan kana buƙata, kuma ka nemi a rubuta maka kuɗin ruwa na shekara, da yawan watanni, da jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe, da abin da zai biyo baya idan ka so kammala biya da wuri. Idan kana da tsohuwar mota da za ka bayar a musaya, ita ma cinikinta daban ne, domin akan yi maka rangwame a sabuwar sannan a cire shi daga darajar tsohuwar.

Bayyana farashi a fili tsohuwar matsala ce a wannan sana'a. A Amurka sai da majalisa ta yi doka a 1958, wadda Sanata Mike Monroney na jihar Oklahoma ya ɗauki nauyinta, da ta wajabta manna takarda a gilashin kowace sabuwar mota mai nuna farashin da kamfani ya ba da shawara, da kuɗin kayan ƙari, da kuɗin jigila, kuma har yau da sunansa ake kiran takardar. Ko da ƙasar da kake ba ta da irin wannan doka, abin da takardar ta ƙunsa shi ne mafi ƙarancin abin da za ka nema. Dilan da ya hana ka fita da rubutaccen farashi yana tsoron ka kwatanta shi da na wani ne.

Game da kafin alƙalami, ba laifi ba ne a nema, musamman idan launi ko samfurin da kake so sai an yi odarsa. Amma kada ka ba da ko kwabo sai da rasit wanda ya bayyana ko ana mayar da kuɗin idan ciniki ya watse, da ranar da za a miƙa maka motar, da abin da zai faru idan ranar ta wuce ko farashi ya canza kafin motar ta iso. Idan motar tana nan a filin, a rubuta lambar shasinta a jikin rasit ɗin, don kada ka yi cinikin biri a sama. Wannan lamba, da ake kira VIN, tana da haruffa da lambobi 17 a tsarin da ake bi tun 1981, ba a sa harafin I ko O ko Q a cikinta don gudun rikitawa da 1 da 0, kuma galibi za ka gan ta ta ƙasan gilashin gaba a gefen direba da kuma jikin ƙofa. A motocin da aka ƙera don kasuwar Arewacin Amurka, harafi na goma yana nuna shekarar samfurin, kuma kamfanoni da yawa suna bin wannan tsari a wasu kasuwannin.

Shawarar da na fi ba mutane ita ce, kafin ka yanke hukunci, ka zagaya bayan ginin ka shiga garejinsu. Gani ya kori ji. Ka duba ko wurin a tsare yake, ko suna da na'urar kwamfuta ta binciken wannan kamfanin, ko kanikawansu sun samu horo daga kamfanin da ya ƙera motar. Ka tambayi mai karɓar motocin gyara kwana nawa ake jira kafin a samu gurbin sabis, da kwana nawa kayan gyara ke ɗauka idan babu su a sito, da ko suna ba da motar aro idan taka ta kwana a hannunsu a ƙarƙashin garanti. Ka zauna a wurin jira na ɗan lokaci ka gaisa da mutum ɗaya ko biyu da suka kawo motocinsu. Su ne suka san ko ana ɗaukar waya, ko ana cika alƙawarin lokaci, ko ana kiran mutum a nemi izininsa kafin a ƙara aikin da zai biya.

Gwajin tuƙi haƙƙinka ne, kuma zagaye ɗaya na minti biyar bai isa ba. Ka nemi irin motar da za ka saya, mai inji da giya iri ɗaya, ka bi da ita babbar hanya da hanya mai gargada, ka yi baya, ka faka, ka roƙi ma'aikacin ya kashe rediyo ya yi shiru na ɗan lokaci domin ka ji motar.

Garanti kuwa sai ka karanta ɗan littafinsa da kanka, domin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, har ma daga ƙasa zuwa ƙasa a kamfani ɗaya. Toyota a Amurka tana ba da shekara 3 ko mil 36,000 a kan motar gaba ɗaya, da shekara 5 ko mil 60,000 a kan inji da giya, yayin da Kia a Turai take ba da shekara 7 ko kilomita 150,000. Galibi wanda ya riga cika tsakanin shekaru da nisan tafiya shi ne ke ƙare garantin. Ka tambaya ko wannan dila wakilin kamfanin ne na hukuma, domin motar da aka shigo da ita daga wata kasuwa ba ta hanyar wakili ba tana iya zama sabuwa fil amma kamfanin ya ƙi amincewa da garantinta a inda kake. Ka tambayi ranar da garantin ya fara aiki, domin idan dila ya riga ya yi wa motar rajista ko ya yi amfani da ita wajen gwajin tuƙi, wataƙila watanni sun riga sun zube. Ka kuma tambaya ko yin sabis a wani gareji yana ɓata garantin. A Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani sharɗanta garanti da yin gyara a wurinsa kaɗai, Tarayyar Turai ma tana da ƙa'ida makamanciyar wannan, amma a wurare da yawa sharaɗin yana nan daram, saboda haka a nuna maka shi a rubuce.

Ranar karɓar mota ita ce ranar da na fi so ka natsu, domin ƙarfin da kake da shi a cinikin yana raguwa ƙwarai da zarar ka sa hannu a takardar karɓa. Ka je da rana tsaka, kada ka yarda a miƙa maka ita da magariba ko a cikin ruwan sama, kuma ka nemi a fito da ita fili. Ka tsuguna ka kalli gefenta ta tsawon jiki, domin ta haka ne loɓawa da bambancin fenti suke fitowa. Motoci sukan samu rauni a jirgin ruwa ko a kan tirela, a gyara su ba tare da an gaya wa mai saye ba. Ka kwatanta lambar shasi da ta takardu harafi bayan harafi. Agogon kilomita na sabuwar mota yawanci 'yan gomomi yake nunawa, kuma idan ka ga ɗaruruwa sai ka nemi bayani. A gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshensa suna nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2324 na nufin mako na 23 na shekarar 2024. Wannan zai nuna maka ko motar ta daɗe a ajiye, abin da ke raunana batir ya kuma sa tsatsa ta hau faifan birki. Ka ƙirga mabuɗai, ka buɗe but ka ga safaya da jak, ka kunna kowace fitila da na'urar sanyaya.

Akwai binciken da kamfani ya wajabta wa dila kafin miƙa mota, kuma yana da takarda mai jerin abubuwan da bakanike zai duba ya sa hannu. Ka nemi kwafinta. Na taɓa karɓar wani mutum da ya dawo bayan kwana uku ransa a ɓace, yana cewa sabuwar motarsa tana dukan ƙashin bayansa a kowane ɗan rami. Da muka ɗaga ta, sai ga robobin da masana'anta ke cusawa a sifirin domin hana motar rangaji a lokacin jigila suna nan ba a cire ba, tayoyin kuma suna ɗauke da iskar ajiya da ta zarce wadda aka rubuta a jikin ƙofa nesa ba kusa ba. Aikin minti ashirin ne, amma ya nuna cewa an cika takardar binciken ba tare da an duba motar ba. Duk abin da ka gani a ranar, ko ƙarami ne, a rubuta shi a takardar karɓa tare da ranar da za a gyara, manaja ya sa hannu. Alƙawarin baki na ma'aikacin da wataƙila zai bar aikin kafin ƙarshen shekara ba zai amfane ka da komai ba.

Ka tabbata sun shigar da sunanka da lambar wayarka daidai a rajistar kamfanin da ya ƙera motar, domin ta nan ne za a neme ka idan aka gano wani lahani aka yi kiranyen motoci. Matsalar jakar iska (wadda ke kumbura ta kare mutum idan aka yi haɗari) ta kamfanin Takata, wadda ta kai shi ga durƙushewa a 2017, ta sa an yi kiranyen kimanin jakunkuna miliyan 67 a Amurka kaɗai, kuma babbar wahalar da aka sha ita ce gano masu motocin. Gyaran kiranye kyauta ne, kuma dila nagari shi ne zai kira ka.

Bayan 'yan kwanaki za a iya aiko maka da tambayoyin jin ra'ayi daga kamfanin, kuma wataƙila ma'aikacin ya roƙe ka ka ba shi cikakken maki, domin ladansa da na dilan suna rataye da sakamakon. Kada ka yi hanzarin cikewa. Idan akwai abin da ya rage ba a gyara ba, ka gaya wa manajan tallace-tallace cikin ladabi cewa za ka amsa bayan an kammala. Idan hakan bai yi ba, sai babban manaja, sannan ofishin kula da abokan ciniki na kamfanin, a rubuce, da lambar shasi da kwanan wata da hotuna, kana kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasarka.

Dangane da wurare biyun da ka ziyarta, Malam, ka ɗauki takardar da na biyu suka ba ka, ka koma wurin na farko ka nemi su rubuta maka tasu a kan mota iri ɗaya, da jimilla ɗaya a ƙasa. Idan suka rubuta, ka samu abin kwatantawa, sai ka leƙa garejin kowannensu a rana ɗaya. Idan suka sake komawa ga maganar biyan wata-wata da wanda zai riga ka, ka yi musu godiya ka ci gaba da ciniki da na biyun, ka kuma nemi sunan mutum ɗaya a sashen gyaransu wanda za ka riƙa kira.