An soke ƙuri'un rumfarmu, zan iya kai ƙara da kaina?

Tambaya: Barista, a cikin garin Gombe nake. A zaɓen ɗan majalisar jiha mun bi layi tun da sassafe muka kaɗa ƙuri'a. Ana cikin ƙirga sai 'yan Kalare suka faɗo suka tarwatsa akwatin. Daga baya aka ce an soke rumfarmu, ɗan takararmu kuma ya faɗi. Ina da bidiyo a waya, a ciki har da maƙwabcina, wakilin ɗaya jam'iyyar, yana magana da yaran. Ɗan takarar ya ce mu matasa mu haɗu mu kai ƙara. So nake kotu ta rushe zaɓen, a kuma ɗaure maƙwabcin nawa.

Amsa: Malam, sannu da haƙuri. Mutum ya sha rana a layi, ya dangwala, sannan ya ga ƙuri'arsa a ƙasa ana takawa, abin da ciwo. Amsata ta dogara ne ga abin da ka rubuto kawai, ban ga bidiyon ba, ban ga takarda ko ɗaya ba.

Inda ka ɗauka cewa tunda ƙuri'arka ce aka lalata kai ne mai ƙara, nan ne kuskuren. A dokar zaɓe ta 2022, sashe na 133, mutum biyu ne kaɗai ke da hurumin ƙalubalantar sakamako a kotun sauraron ƙararrakin zaɓe: wanda ya tsaya takara a zaɓen, da jam'iyyar da ta shiga zaɓen. Mai zaɓe ba ya ciki, ko ku ɗari biyar ne kuka sa hannu. Idan kuma wani ya ce ku zagaya ta Babbar Kotun Jiha da sunan an tauye muku haƙƙi, a fahimtata da wuya ta saurare ku, domin sashe na 285 na kundin tsarin mulkin 1999 ya keɓe wannan aiki ga kotun zaɓe. Kuɗin lauya kawai za ku yi asara.

Shi ya sa maganar ɗan takarar nan ba ta kwanta mini ba. Shi doka ta ba ƙofa, shi ke da lauyoyin jam'iyya, amma ku yake turawa. Wataƙila bai sani ba, wataƙila kuma ya duba lissafi ya ga ba za ta kai shi ba. Ka tambaye shi kai tsaye: Honorabul, ka shigar ko ba ka shigar ba? Ba ka faɗa mini ranar da aka bayyana sakamako ba, alhali komai a kanta ya rataya. Kwana 21 ne daga bayyana sakamako, kuma kotuna ba sa ƙara ko yini ɗaya. In an shigar, kotun na da kwana 180 ta yanke hukunci, ɗaukaka ƙara kwana 60, kuma shari'ar ɗan majalisar jiha a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tsayawa, ba ta zuwa Kotun Ƙoli.

Ko da ya shigar a kan lokaci, soke rumfa ɗaya ba shi ne rushe zaɓe ba. Abin da ake dubawa shi ne tazara. Mu ƙaddara mutum 600 ne suka karɓi katin zaɓe a rumfarku, wanda aka ce ya ci kuma ya ba da ratar ƙuri'a 4,000. Ko dukanku kun zaɓi mutum ɗaya ba abin da zai sauya, don haka jami'in tattara sakamako na iya bayyana wanda ya ci. In kuwa ratar 300 ce, ya kamata a ce zaɓe bai kammala ba, a koma rumfunan da aka soke. Maƙwabtanku na Bauchi sun ga haka a zaɓen gwamna na 2019, lokacin da aka ce bai kammala ba, aka yi ta ja-in-ja kan sakamakon ƙaramar hukumar Tafawa Ɓalewa, sai bayan zagaye na biyu aka bayyana Bala Mohammed. Saboda haka kafin a yi maganar kotu, a tara adadin duk rumfunan da aka soke a mazaɓar, a gwada da ratar. Sashe na 135 na dokar zaɓe ta 2022 ya ce saɓa ƙa'ida ba ya rushe zaɓe sai ya yi tasiri sosai a sakamako, kuma mai ƙara ne zai tabbatar, rumfa bayan rumfa.

Bidiyonka na iya yin amfani, amma ba ya magana da kansa. Sai kai da ka ɗauka ka ba da shaida, kuma dole rubutacciyar shaidarka ta rantsuwa ta shiga tare da ƙarar tun cikin kwana 21 ɗin. Kada ka yanke shi, kada ka ɗora masa rubutu ko sauti, kada ka sayar da wayar. Neman kwafin EC8A, wato takardar sakamakon rumfa, da rahoton BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, mai hatimin INEC aikin lauyan ɗan takara ne, ya san hanya.

Sai maganar maƙwabci, wadda ta fi damuna. Tarwatsa akwati laifi ne, kana da damar kai rahoto ga 'yan sanda da ofishin INEC, amma ba kai ke gurfanarwa ba, kuma kotun zaɓe ba ta ɗaure kowa. Laifi kuwa sai an tabbatar da shi ba tare da kokwanto ba. An ga mutum yana magana da yara, me ya ce musu? Tura su yake ko hana su? Yana iya cewa roƙonsu yake su bar wurin, kuma in ba a jin muryarsa a bidiyon, da me za ka ƙaryata shi? Ban ce bai yi ba. Amma in ka sa hotonsa a Facebook ko WhatsApp ka ce shi ya kawo 'yan Kalare, kana iya wayar gari kai ne ake ƙara kan ɓata suna, a lokacin kuma ban tabbata Honorabul zai ɗaga wayarka ba.

Mutumin nan katanga ce tsakaninku, sahu ɗaya kuke bi a masallaci. Shawarata ka sami mai unguwa da liman, a kira shi, a kunna bidiyon a gabansa a ji ta bakinsa. In yana da hannu, dattawa su ja masa kunne, a kuma yi yarjejeniya kan tsaron rumfar kafin zaɓe mai zuwa, wakilan jam'iyyun biyu na zaune. Wannan ba ya hana ka kai rahoton yaran da fuskokinsu suka fito ƙarara, sai dai ka yi shi a rubuce, ta hannun lauya in da hali, saboda tsaron kanka. Idan kwana 21 ɗin bai cika ba, yau ɗin nan ka kai wa lauyan jam'iyyarku kwafin bidiyon, ka riƙe asalin a wayarka.